Sunan da Ya Tsallake Katanga

Turawa, Karaye
Lahadi

Zuwa ga 'yata Bahijja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki da yaranki. Mu nan alhamdu lillahi, sai gwiwar nan tawa da ta hana ni hawa mashin. Ba don ita ba, da yanzu fuskata kike kallo, ba takarda ba.

Ban kira ki a waya ba saboda kin san garin nan, sai mutum ya hau tudun bayan masallaci kafin sabis ya kama. Maganar da zan yi kuwa ba ta kan tudu ba ce.

Badaru, ƙanen matata Barira, ya dawo daga cin kasuwar Rogo ya ƙi cin abinci. Sai da na matsa masa ya faɗi abin da ya ji. Ya ce ya zauna wajen mai shayin da ke kallon gidan marigayi yayana, ya ga samari jere a jikin katangarku, kowa da waya a hannu. Ya ji ɗaya yana cewa Bahijja a buɗe take, ba ta da makulli. Wani ya ce in ka matsa jikin katanga ka fi samunta. Wani kuma ya ce da yamma ta fi daɗi. Badaru bai yarda da kunnensa ba, ya leƙa wayar na kusa da shi, ya ga sunanki a rubuce ɓaro-ɓaro. Ya leƙa ta wani, nan ma sunanki.

Da kika gama takabar mijinki kika roƙe ni ɗakin da ke jikin zaure, wanda ya faɗo rabona a gado, kika ce 'yan mata za ki koya wa kwamfuta saboda jarrabawar shiga jami'a. Na ba ki ban tambayi komai ba, har ina alfahari da ke a majalisa. Ashe abin da zan ji ke nan.

Ki ba direban da ya kawo wannan amsa. In amsar ba ta gamsar da ni ba, zan karɓi ɗakina.

Baffanki,
Lukumanu

*

Rogo
Laraba

Zuwa ga Baffa,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka cikin girmamawa, ina gaida Inna Barira da yara. Allah ya ba gwiwa lafiya. Umma tana gaisuwa, ta ce ka rage zuwa gona a rana, gonar ba gudu za ta yi ba.

Direba ya miƙo mini takardarka ina tsakiyar aji. Karatun farko dariya na yi. Da na sake karantawa, dariyar ta ɗauke.

Baffa, Bahijjar da Kawu Badaru ya ji ba ni ba ce. 'Yar na'ura ce baƙa, ba ta kai faranti faɗi ba, da ƙaho biyu, tana rataye a bangon ɗakinka. Rauta ake ce mata. Ka yi haƙuri ka karanta bayanin nan har ƙarshe, ko da ranka a ɓace yake.

Babbar kwamfuta ɗaya gare ni, a cikinta tambayoyin gwaji suke. 'Yan matan kuwa kowacce da abin da ta samo. Wata tsohuwar laftof ɗin yayanta, wata tablet mai tsagaggen gilashi, wata wayar babarta. A da sai an ja igiyar waya daga babbar kwamfuta zuwa kowace na'ura, ɗaki ya koma kamar an shanya taliya, ga shi wayar hannu ba ta da ramin da za a soka igiyar. Rautar nan ita ta raba mu da igiya. Aikinta irin na gidan rediyo ne, sai dai ƙarami ƙwarai, kuma ita tana magana tana saurare. Yarinya ta danna tambaya, na'urarta ta aika saƙo ta iska zuwa rauta, rauta ta miƙa wa babbar kwamfuta, ta karɓo amsa ta mayar wa mai ita. Ba ta kai saƙon Zakiyya hannun Sa'adiya, don kowace na'ura da lambarta. Firinta ma haka take, tana can lungu ba abin da ya haɗa ta da kowa a ido, amma daga kujerarka sai ka tura mata takarda ta buga. Wannan haɗin na cikin gida shi ne waifai da kake jin yara suna faɗa. Ko babu intanet ajina yana tafiya, don tsakaninmu ne kawai.

Muryarta ba ta da nisa. Ta cika ɗakin, ta ratsa katangar ƙasa da ƙyar, ta kai bencin mai shayi a galabaice, daga nan ta ƙare. Shi ya sa na jikin katanga ya fi samu.

Sai maganar suna. Dole rauta ta yi suna, in ba haka ba na'ura ba za ta san wa za ta nema ba. Kuma ba ta daina shelar sunanta, duk wayar da ta zo kusa za ta gani, ko ta liman ce. Musbahu, mai gyaran kwamfutar da ya zo daga Kano ya haɗa mana, ya tambayi sunana, na zaci ladabi ne, ashe raɗa wa na'ura zai yi. Ya kuma bar ta babu kalmar sirri, wai kada yara su riƙa mantawa. Ni kuma na saka mata layi mai data don in riƙa sauko da sababbin tambayoyi. Samarin unguwa suka gano banza ta faɗi, suka mayar da katangarmu majalisa. Da yamma ta fi musu daɗi saboda an tashi aji, babu mai rabawa da su. Buɗewar ke nan, Baffa, makullin ke nan.

Jiya na sa mata kalmar sirri. Kafin la'asar katanga ta watse, mai shayi ne kaɗai ke harara ta.

Sunan kuwa yana nan, ban taɓa shi ba. In na cire shi yanzu, cewa za a yi an kama ni ne na ɓoye. Kuma ka gaya wa Kawu Badaru, daga bencin da ya zauna zuwa zaurenmu ba tafiya ba ce. Ya iya leƙa wayar mutane, bai iya yin sallama ya tambaye ni ba.

'Yarka,
Bahijja

*

Turawa
Asabar

Bahijja,

Assalamu alaikum. Ina gaida mahaifiyarki. Gwiwa da sauƙi, an kawo mini wani mai daga Karaye ina shafawa.

Na karanta. Na ji na rediyo, na ji na ƙaho, na ji na taliya. Ban ce ƙarya kike ba. Amma mutanen kasuwa ba su karanta takardarki ba, kuma ba zan bi su rumfa-rumfa ina musu bayanin iska ba. Abin da suka sani, sunan matar da mijinta ya rasu yana cikin aljihun samari. Jiya a masallaci wani ya gaishe ni gaisuwar da ban so ba, har yana tambayar mutanen Rogo da wata irin murya.

Mu da muka taso, sunan mace ko a cikin gida ba a faye kiransa da ƙarfi ba. Kakarki har ta rasu rabin garin nan ba su san sunanta na yanka ba. Yau ga wani abu yana ratsa katanga ba sallama, yana shelar sunan 'yar yayana dare da rana, kina ce mini ba ki taɓa shi ba. Ke ba ki jin nauyi, ni ina ji.

Batun Badaru kuma, ki iya bakinki. Kawunki ne, kuma kishinki ne ya hana shi cin abinci.

Ki sani ɗakin nan yana da mai shi. Duk abin da ke cikinsa sunan mai shi ya kamata ya amsa, ba naki ba. Kafin kasuwa mai zuwa ta ci ina so in ji sunanki ya bar iska. In ba haka ba kin san sauran.

Baffanki

*

Rogo
Litinin

Baffa,

Wa alaikumus salam. Mun ji daɗin sauƙin gwiwa, Allah ya ƙara. Kowa lafiya, sai zafi da ya sako mu gaba.

Na so in yi gardama, Umma ta ce Baffa ba abokin gardamata ba ne. To, na bi umarni yadda ka rubuta shi. Ka ce abin da ke cikin ɗakin sunan mai ɗakin zai amsa. Na shiga cikin rautar na goge nawa na sa naka. Ka gafarce ni da na rubuta sunanka gatsau, ba da baki na faɗa ba, da yatsa ne.

Yanzu duk wanda ya zo wucewa da waya, Alhaji Lukumanu yake gani. Sai da na sake haɗa na'urorin ɗaya bayan ɗaya, don tsohon suna suke nema ba sa samu. 'Yan matan da farko kunya ta hana su faɗa, yanzu sun saba. Suna gaishe ka. Sun ce kana da ƙarfi har bakin rijiya, sai dai a bayan rumbu kana ɗan rauni.

'Yarka mai biyayya,
Bahijja

*

Turawa
Lahadi

Bahijja,

Sallama ce kawai zan yi miki, don ta wajaba. Assalamu alaikum. Lafiyata kuwa, tunda kin kashe ni, ba sai kin tambaya ba.

Takardarki ta yi kwanaki a aljihun direba, motarsa ta lalace a hanya ya manta da ita. Ba ta iso ba sai ranar da na mutu, bayan an gama kukana. Da ta zo da wuri da na tare wannan iya shegen. Na ce ɗaki yana da mai shi don ki san akwai na gaba da ke. Ban ce ki rataya ni a bango ba, kuma kin sani sarai.

Ga abin da kika jawo. Ranar Alhamis na tafi gona da sassafe a amalanken shanu, ana kai taki. Ashe a Rogo labari ya cika kasuwa wai Alhaji Lukumanu ya rasu da asuba. Badaru yana can, ya kira wayata ba ta shiga, ya ce shi ke nan ta tabbata. Ya ɗauko shatar mota ya cika ta da dangi. Tun daga bakin gari suka fara salati. Barira da idonta ta ga fitata da safe, amma da ta ga ƙanenta yana kuka ga mota cike da mutane, hankalinta ya gushe, ta ɗauka a gona na faɗi. Ta zube a tsakar gida sai da aka yayyafa mata ruwa. An shimfiɗa tabarmi, an aika a kira liman, har wani ya fara neman aron diga.

Ni kuwa rana ta yi, gwiwa ta matsa mini, na miƙe a cikin amalanke na rufe fuska da hula muka kamo hanyar gida. Da suka hango amalanke da mutum a kwance, kuka ya ƙaru. Na ji hayaniya, na tashi zaune na yi sallama. Bahijja, dattawa masu furfura na gani suna gudu suna barin takalma.

Yanzu yara in sun gan ni sai su noƙe. Abokan wasa suna tambayata yaya mutanen can. Barira har yau ƙirjinta bai daina bugawa ba. Na zama abin dariya daga Turawa har Karaye, a kan wata na'ura mai ƙaho.

Na gama magana. Ki sallami yaran, ki cire abin nan daga bangona, ki ba direba makullin ɗakina.

Lukumanu

*

Rogo
Talata

Baffa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara maka tsawon rai, kuma wannan karon da dukkan zuciyata na faɗa. Ka duba mini Inna Barira. Ita kam na zalunce ta, ina roƙon ta yafe mini, ga zuma nan na ba direba ya kai mata.

Ga yadda aka yi. Batirin solarmu ne ya ƙi riƙe caji, rauta ta mutu. Na yi iya yina ta ƙi tashi, na sallami aji na hau motar Kano neman wani batirin. Ɗalibata Zakiyya ta biya kasuwa wajen babarta mai ƙuli-ƙuli, babar ta tambaye ta me ya dawo da ita. Ta ce yau babu karatu, Alhaji Lukumanu ya ɗauke tun asuba, Malama ta yi ta yi bai farfaɗo ba. Matar da ke sayen ƙuli ta ji, ta yi salati ta wuce. Kafin azahar an yi maka wanka a bakin mutane. Na dawo na tarar da Umma idonta ya kumbura, ta riƙe ka kamar ƙanenta na jini.

Na san abin da kake nufi a waccan takardar, ba zan yi maka ƙarya ba. Haushi ne ya sa na karanta ta a yadda ta zo. Amma ban yi zaton za ta kai nan ba.

Makulli kuwa ba zan bayar ba.

Baffa, ka tsaya ka duba. An ce ka mutu, ka taɓa jikinka ka ji kana nan, ka san na'ura ake nufi. Yini ɗaya sunanka ya yi a bakin mutane, kuma kuka suka yi maka, suka cika mota suka zo. Ni nawa sunan ya fi wata yana yawo, ba kuka ake yi mini ba, kuma babu wanda ya taka ƙafa ya zo ya ce Bahijja me ke faruwa. Bakin da ya kawo maka labarina shi ne ya kawo labarin mutuwarka. Na mutuwar ka ƙaryata nan take saboda kana da shaida. Nawa kuwa ka gaskata ba tare da shaida ba, ni da ka goya a kafaɗa ka kai makarantar allo. Wannan ya fi zagin samari yi mini ciwo, kuma har yau ban huce ba.

Jarrabawa ta ƙarato. Bara 'yan matan garin nan da dama ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba sai a ɗakin jarrabawa. Wata ta san amsa sarai, ta rasa inda za ta danna har lokaci ya ƙare. Sa'adiya ɗaya ce daga cikinsu, bana ne babanta ya yarda ta sake gwadawa, ya ce daga wannan babu wani. Yanzu ita ke fara gama gwaji a ajina. Ba zan kalli idonta in ce ta tafi gida saboda an yi wa Baffana dariya ba.

Na sa sabon batiri, rauta ta tashi. Na cire sunanka, ya sha wahala haka nan. Nawa na mayar. Babana ya yanka rago ya raɗa mini shi a gaban jama'a, kana wajen, ba a ɓoye aka yi ba. Ban yi abin da zai sa in ɓoye shi ba.

Ɗaki naka ne, ban musa ba. In kana son makullinka ka zo da kanka, ranar aji, ka shiga ka faɗa wa yaran da bakinka. In ka faɗa, zan kwashe kayana in kafa rautar a gindin darbejiyar tsakar gida mu zauna a tabarma. Ita ba ruwanta da ɗaki, wuta kawai take so.

'Yarka, ko kana fushi,
Bahijja

*

Turawa
Juma'a

'Yata Bahijja,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya, ke da mahaifiyarki da yara da ɗalibanki. Barira ta samu zuma, ta ce ta yafe, amma kada ki ƙara kashe mata miji ba shawara.

Kin ji ni shiru kasuwa biyu. Direba ya ce kullum sai kin tare shi a tasha kina tambaya ko akwai saƙo, in ya ce babu ki juya kamar ba ki damu ba. Fushi nake yi. Na rubuta miki takarda mai zafi na yaga, na sake rubutawa na yaga. Tun da nake, ƙaramin yaro bai taɓa ce mini in zo da kaina ba.

Shekaranjiya na kira Badaru na zaunar da shi. Na ce ya maimaita mini abin da ya ji a kanki, kalma bayan kalma, sannan ya maimaita abin da ya ji a kaina. Yana cikin na biyun ya sunkuyar da kai. Ni ma nawa kan a ƙasa yake. Da na mutu mota guda aka cika aka zo. Ke kuwa mutum ɗaya ne ya wajaba ya zo, ya aiko miki da takarda.

Ki riƙe makulli. Ki gaya wa Sa'adiya ina jiran sakamako.

Sai dai aikinki bai cika ba. Bahijja kawai kika rubuta, kamar wadda ba ta da kowa. Ki koma cikin abin nan mai ƙaho ki rubuta shi cikakke, Bahijja Salman, da sunan ubanki. Duk wanda zai buɗe baki ya kira ki a jikin katangar nan, ya haɗa da sunan yayana.

Ranar kasuwa ina tafe, ko a amalanke ne. Ki sa a shimfiɗa mini tabarma a ƙofar zaure, ta waje, inda kowa zai gan ni. Ina so in ji wanda zai fara.

Baffanki da ke raye,
Lukumanu